Yadda Muka Bi Diddigin Sayar wa Kamfanin Lantarki Rarar Wutar Sola

Makarantar da nake riƙe wa lissafin kuɗi tana da farantan sola na kilowat 20 a kan rufin ajujuwa, tare da inbata (na'urar da ke juya wutar farantan zuwa irin wadda ake amfani da ita a gida) da batura, waɗanda aka girka a ƙarshen shekarar 2023, bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira sun sa kunna janareto kullum ya gagari kasafinmu. Aikin ya biya bukatar da aka yi shi dominta, domin fankoki da kwamfutoci da injin rijiyar burtsatse duk sun koma kan hasken rana. Sai dai manhajar da ke nuna aikin inbata ta riƙa nuna mana wani abu da ya tsaya wa mai makarantar a rai: da zarar batura sun cika, wanda yakan faru tun kafin azahar, inbatar takan rage abin da take karɓa daga farantan zuwa daidai abin da ake amfani da shi, sauran kuwa ba a ma samar da shi. Ranakun Asabar da Lahadi da lokutan hutu, kayan da aka kashe wa miliyoyin naira kusan a zaune suke wuni.

A watan Afrilun 2024 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga farashin wutar rukunin Band A, wato na waɗanda suka fi samun wuta a rana, zuwa naira 225 kan kowane yunit, daga baya aka sauko da shi zuwa ɗari biyu da 'yan kai. A makon da labarin ya bazu ne Hajiya, mai makarantar, ta kira ni ofis ta ce, “Malam, tunda wuta ta yi wannan daraja, mu da muke da ita har tana yi mana yawa, me zai hana mu sayar musu? Ka bincika mana hanyar.” Na ce, “To, ranki ya daɗe.” Abin da ya biyo baya ya ɗauke ni har zuwa ƙarshen shekarar, ina yi ina haɗawa da sauran ayyukan ofis.

Na fara da lissafin abin da muke da shi, domin babu amfanin neman mai saye kafin a san yawan haja. A Arewacin Najeriya kowane kilowat ɗaya na farantan sola da aka girka da kyau yakan ba da yunit kusan 1,600 a shekara, wato sama da yunit huɗu a rana idan aka daidaita tsakanin watanni. Namu kilowat 20 ke nan suna iya ba da wajen yunit 32,000. Da na duba bayanan manhajar, na ga cewa a ranar karatu muna cin yunit hamsin da ɗoriya, a ranar da babu ɗalibai kuwa da ƙyar muke kaiwa ashirin, galibi na fitilun tsaro da firiji da ɗakin masu gadi. Da aka tara na shekara, abin da muke ci bai wuce yunit 14,000 ba, saboda haka rarar ta kai kusan 18,000. Idan aka ninka wannan da farashin Band A, kuɗin ya haura naira miliyan uku da rabi a shekara, kuma wannan adadi ne na fara kai wa Hajiya, tare da gargaɗin cewa lissafin takarda ne tukuna.

Wanda ya fara rage wannan adadi shi ne injiniyan da ya girka mana kayan. Ya zo ranar wata Asabar, muka zauna a ɗakin inbata, ya yi mini bayanin da har yanzu nake ganin shi ne ginshiƙin al'amarin gaba ɗaya. Inbatar da ke tura wuta zuwa layin gwamnati ba ta yin gaban kanta. Tana sauraren wutar da ke kan layin ne, ta daidaita bugunta da nata, wanda a Najeriya sau 50 ne a daƙiƙa, sannan ta ɗan ɗaga ƙarfinta sama da na layin domin wutar ta gangara waje. Idan aka ɗauke wuta, wajibi ne ta yanke kanta daga layin nan take. Wannan ba nakasa ba ce, ƙa'idar tsaro ce da ake bi a duk duniya, domin ma'aikacin da ya hau turke yana gyara, da tabbacin cewa an kashe layi, zai iya rasa ransa idan wani gida yana ci gaba da cusa wuta ta baya. Ya ce, “Yallaɓai, sai da wutar NEPA ake sayar wa NEPA wuta. Ranar da babu tasu, taku ma ba ta fita.” Ya ƙara da cewa ko da wutar tana nan, idan ta zo ba ƙarfi, kamar yadda takan sauko ƙasa da bolt 180 a unguwannin da taransifoma ta yi wa kaya yawa, inbatar za ta ɗauka cewa layin ba shi da lafiya ta ƙi haɗuwa da shi.

Wannan ya sa na nemi mai gadin rana ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, na tsawon zangon karatu guda. Tun 2020 aka raba masu amfani da lantarki zuwa rukuni biyar gwargwadon sa'o'in da ake sa ran samu a rana: Band A sa'o'i 20, B 16, C 12, D takwas, E kuma huɗu. Layinmu ba na rukunin farko ba ne, kuma abin da littafin mai gadi ya nuna shi ne yawancin sa'o'inmu da dare suke zuwa. Tsakanin ƙarfe tara na safe da huɗu na yamma, lokacin da farantai ke aiki sosai, wutar takan kasance ne kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin. Nan take yunit 18,000 suka koma 6,000. Ana cikin haka, a watan Oktoban 2024, babban layin da ke ɗauko wuta zuwa Arewa, na Ugwuaji zuwa Apir, ya samu matsala alhali an riga an lalata na Shiroro zuwa Mando, sai yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda cikin duhu. A waɗannan kwanaki makarantarmu ba ta rasa wuta ba, amma da a ce mun ci bashi bisa dogaro da kuɗin sayar da wuta, da ko yunit ɗaya ba mu fitar ba, a daidai lokacin da jama'a suka fi bukatarta.

Akwai kuma wani ragi da yanayi ke yi, wanda ya fi shafar makaranta fiye da kowa. Dogon hutunmu, lokacin da rarar ta fi yawa, yana faɗowa ne a watan Agusta, tsakiyar damina, sa'ad da gajimare ke rufe rana. Hutun Disamba yana zuwa da hazo da ƙurar hunturu, wadda kan kwanta a kan farantai ta rage musu ƙarfi idan ba a wanke su a kai a kai. A bazara kuwa rana tana da yawa, amma zafi yana rage ƙwazon farantai da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari kan kowane digiri da suka haura 25, kuma a lokacin ne fankokinmu ke juyawa daga safe har tashi, rarar ta ragu.

Batun mita shi ne na gaba. Tamu mai kati ce, irin wadda ake zuba wa kuɗi tana ragewa, kuma an ƙera ta ne domin wutar da ke shigowa kawai. Injiniyan ya ja kunnena cewa kada wani ya buɗe wa inbatar hanyar fitar da wuta don gwaji, domin da yawa daga cikin irin waɗannan mitoci ba sa bambanta shiga da fita. Duk wutar da ta ratsa su ƙirgawa suke yi su cire daga kuɗin mai gida, wasu kuma su ɗauki abin a matsayin an taɓa su, su kulle kansu. Mutum ya ba da wutarsa ke nan kuma ya biya kuɗinta. Abin da ake bukata shi ne mita mai ƙirga biyu, wadda ke rubuta abin da ya shigo daban da abin da ya fita daban, kuma ba abu ba ne da mutum zai sayo a kasuwa ya liƙa da kansa. Dole kamfanin rarraba wuta ya amince da ita ya shigar da ita cikin tsarin lissafinsa, hukumar NEMSA kuma, wadda ke duba ingancin mitoci da haɗin lantarki, ta gwada ta ba da shaida.

Da wannan fahimta na rubuta wasiƙa zuwa kamfanin rarraba wutar yankinmu, na haɗa da zanen haɗin kayanmu da takardun inbata da taƙaitaccen lissafin rarar, na kai da kaina. An karɓe ni da mutunci, kuma daga ofishin kula da masu hulɗa aka tura ni wurin wani jami'in sashen fasaha, wanda ya san aikinsa ƙwarai. Bai ɓoye mini komai ba. Ya ce a lokacin babu wani farashi da aka tsayar wanda zai iya sayen wuta da shi daga ƙaramin mai sola kamarmu, babu kuma takardar yarjejeniya da aka tanada domin haka, kuma kamfanin rarraba wuta ba shi da ikon ƙirƙiro farashi da kansa, tunda hukumar da ke sa ido ce ke amincewa da abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Sannan ya yi mini tambayar da ta rushe sauran lissafina: “Malam, a kan layinku nawa muke sayar muku da yunit?” Amsar ita ce naira sittin da wani abu, domin ƙarin Afrilu bai shafi rukunoninmu ba. Wutar da za ta fita daga rufinmu ba za ta yi tafiya zuwa unguwannin Band A ba. Maƙwabtanmu da ke kan taransifoma ɗaya da mu ne za su sha ta, a farashin rukuninmu, kuma da yawansu ba su da mita. Babu ɗan kasuwar da zai sayi abu a ɗari biyu ya sayar a sittin.

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ta nuna mini cewa matsalar ta fi ƙarfin ofishi ɗaya. Tun da aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa a watan Nuwamban 2013, babban ciwonsu shi ne ba sa iya tattara cikakken kuɗin wutar da suka karɓa. Wata tana zubewa a tsofaffin wayoyi, wata ana sata, wata kuma an sha ba a biya ba, kuma rahotannin NERC suna nuna cewa a wasu yankunan Arewa wannan asara kan kai rabi ko ta wuce. Kamfanin da ke fama da biyan manyan tashoshin da ke ba shi wuta, ba na jin zai zama abokin ciniki mai saurin biya ga makarantar da ke kawo masa yunit 6,000 a shekara. Ko da an ba mu cikakken farashin da ake sayar mana, wanda ba zai yiwu ba, abin da zai shigo bai kai naira dubu ɗari huɗu a shekara ba. A ɗaya gefen kuma, ƙiyasin da injiniya ya ba ni na mita mai ƙirga biyu, da makunnin katse layi da ma'aikatan kamfani za su iya kullewa daga waje, da na'urar kariya, da sauya waya zuwa bakin turke, da kuɗin dubawa, ya doshi naira miliyan biyu. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu da wuri ba.

Duk da haka ban rufe fayil ɗin ba sai da na karanta dokokin da kaina, domin in tabbatar ko akwai wata ƙofa. Dokar Lantarki ta 2023 ta yarda mutum ya samar wa kansa wutar da ba ta wuce megawat ɗaya ba ba tare da lasisi ba, haka kuma rarraba wadda ba ta wuce kilowat 100 ba; a nan muke, kuma babu laifin da muka yi. A 2015 NERC ta fitar da ƙa'idar sayen wutar da aka samar daga rana da iska da makamantansu a tsayayyen farashi, amma an yi ta ne domin tashoshin da suka kai megawat ɗaya zuwa sama, wato ninkin namu hamsin. Tarihin manyan ma ba mai ƙarfafa gwiwa ba ne. A 2016 kamfanin gwamnati mai sayen wuta a dunƙule, NBET, ya sa hannu kan yarjejeniya da kamfanoni 14 domin gina tashoshin sola na megawat 1,125, yawancinsu a Arewa, a kan santi 11.5 na dala kowane yunit. Taƙaddama kan farashi da kan wanda zai lamunci biyan kuɗin ta sa aka shafe shekaru ba a gina su ba. Tashar megawat 10 da aka ƙaddamar a Challawa ta Kano a watan Janairun 2023 da kuɗin gwamnati aka gina ta, ta hannun hukumar zuba jari ta NSIA. Idan masu lauyoyi da bankunan ƙasashen waje sun maƙale a kan tambayar wa zai biya, ban ga dalilin da zai sa mu mu tsallake ta ba.

Ƙofar da na ga a buɗe take ita ce ta ƙananan tashoshin unguwa masu haɗe da layin kamfani, waɗanda ƙa'idar NERC ta 2016, da aka sabunta a 2023, ta tanada. A wannan tsari ana ƙulla yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, mai zuba jari da al'ummar wurin da kamfanin rarraba wuta, inda mai jarin ke karɓar wayoyin unguwa ko kasuwa, ya gyara su, ya sanya wa kowa mita, ya ba da wutar sola da rana, ya sayi ta kamfani idan tana nan. An yi haka a garin Toto na jihar Nasarawa, da kasuwar Wuse a Abuja, da Zawaciki a Kano. Abin lura shi ne a nan ba kamfanin rarraba wuta ake sayar wa ba, kai tsaye ake sayar wa mai shago da mai gida, waɗanda suka riga suka saba biyan kuɗin janareto mai tsada. Wannan sana'a ce mai zaman kanta, mai bukatar ɗaruruwan kilowat da ma'aikata da masu karɓar kuɗi, ba abin da ma'ajin makaranta zai haɗa da tattara kuɗin zango ba.

Hajiya ta yi wata tambaya da ta dace, cewa idan an fito da farashi nan gaba, ko zai yi kyau mu cika sauran rufin da farantai domin sayarwa kawai. Farashin da aka ba ni a lokacin, dala tana wajen naira 1,600, ya kai kusan naira miliyan ɗaya kan kowane kilowat na farantai da inbata ba tare da batir ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, rancen bankunan kasuwanci kuma yana wajen kashi 30. Ko mutum ba ya mu'amala da bashin ruwa, kamar yadda makarantarmu ba ta yi, wannan adadi yana nuna abin da jari ya kamata ya dawo da shi kafin a ce ya yi riba. Kashi 30 na naira miliyan ɗaya, wato naira dubu ɗari uku a shekara, kan yunit 1,600 na nufin kowane yunit sai ya kawo kusan naira 190 kafin a fara maganar mayar da uwar kuɗi, wannan ma idan layin yana da wuta duk rana. Amma yunit ɗin da ya maye gurbin janareto lissafinsa daban ne: litar dizal tana ba da yunit uku ko ƙasa da haka a ƙaramin janareto, ita kuma a shekarar ta haura naira 1,000 nesa ba kusa ba, saboda haka kowane yunit yana cin naira 400 ko fiye, ban da gyara da man juye. Yunit ɗin da muka sha da kanmu ya ninka wanda za mu sayar daraja sau shida.

Wani malaminmu na kimiyya ya kawo misalin Jamus, inda gidaje ke sayar wa layin ƙasa wuta, kuma gaskiya ne. Dokarsu ta shekarar 2000 ta tilasta wa masu layi karɓar wutar, ta kuma lamunce wa mai sola farashi ɗaya na shekara 20. A 2004 ana biyan ƙaramin rufi sama da santi 57 na yuro kan yunit, shi ya sa rufin ƙasar ya cika da farantai duk da ƙarancin ranarsu. Zuwa 2024 farashin sababbin masu shiga ya sauko zuwa wajen santi takwas, alhali gida yana sayen wuta a kan ninkin haka sau huɗu ko fiye. Ko a can, inda ba a ɗauke wuta kuma mai saye ba ya jinkirta biya, riba ta koma wajen wanda ya fi shan wutarsa da kansa.

Rahoton da na gabatar wa kwamitin makaranta a watan Disamba ya ba da shawarar a bar inbatar a kulle yadda ba za ta fitar da komai waje ba, a mayar da hankali kan neman wa rarar aiki a cikin harabarmu. An mayar da tura ruwa zuwa tankunan sama tsakar rana maimakon asuba. An sayi manyan firiza biyu da ke yin ƙanƙara ranakun Asabar da Lahadi da lokutan hutu, masu sayar da lemo da ruwan leda suna zuwa su saya, kuma a watannin bazara da azumi ba ta kwana. Shagunan makarantar guda shida da ke jikin katanga, waɗanda ke hannun tela da mai aski da mai buga takardu da sauransu, an ja musu waya daga ɗakin inbata, kowanne da ƙaramar mitarsa, suna biyan naira 250 kan yunit daga safe zuwa la'asar, wanda ya yi ƙasa da abin da ƙananan janaretocinsu ke ci musu. Mun tsaya a iyakar filinmu, domin tsallaka titi da waya ya shiga hurumin kamfanin rarraba wuta. Waɗannan ayyuka sun cinye kusan rabin rarar. Sauran rabin, musamman na ranakun Lahadi, har yanzu ba a samar da shi.

Kwamitin ya rubuta sharuɗɗa uku da za su sa a sake buɗe maganar: a fitar da farashi da takardar yarjejeniya da suka shafi masu ƙaramin ƙarfi irinmu, ko daga NERC ko daga hukumar jiha, tunda dokar 2023 ta bai wa jihohi damar kula da kasuwar lantarkinsu kuma Enugu da Ekiti da Ondo sun fara karɓa a 2024, a ɗaga layinmu zuwa rukunin da ke samun wuta da rana, sannan a yarda a riƙa cire kuɗin abin da muka fitar daga kuɗin wutar da muke sha da dare, maimakon mu jira a biya mu. An kuma umarci injiniya cewa duk inbatar da za a saya idan an gama sabon ginin ajujuwa ta kasance irin wadda ke iya fitar da wuta zuwa layi, tunda bambancin kuɗinta da wadda ba ta iyawa kaɗan ne.